Masu Cin Tukunya Ɗaya

Ban-haƙuri ɗaya Inna ta Sama take bin Gwaggo ta Ƙasa, kuma bashin ya girmi duk 'ya'yan da Inna ta haifa. Gwaggo yayar mijinta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Inna na sabuwar amarya, ranar da ta fara ɗora tukunya, gida cike da baƙi, Gwaggo ta ɗebi miyar a cokali ta taɓa da harshe, ta yamutsa fuska, ta sauke kwanon ƙasa ta kira kyanwa. Kyanwa ta zo ta shinshina, ta juya ta yi tafiyarta.

"Kun gani?" in ji Gwaggo. "Ita ma tana son ranta. Wannan ai ba miya ba ce, gishiri ne aka yi wa wanka."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. A nan Inna ta faɗa a gaban kowa cewa ita da abincin Gwaggo har abada. Ba ta haɗa da sunan Allah ba, don tun tana yarinya ba ta ɗaukar abin da ba ta tabbata za ta iya saukewa ba. Amma ta riƙe maganarta shekara arba'in da 'yan kai, ko ruwan zafi Gwaggo ta dafa ba ta sha.

Kuma Allah da ikonsa, tsufa ya tarar da su a gini ɗaya, wani tsohon bene na haya mai matakala ɗaya da famfo ɗaya a tsakar gida. Gwaggo na ɗakin ƙasa kusa da ƙofar shiga, ita kaɗai tun rasuwar mijinta, tana sayar da ashana da sabulu ta taga, ba mai shiga ko fita ba ta gani ba. Inna da mijinta suna can sama. Ba wai ba sa gaisawa ba. Inna takan ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Gwaggo ta ce, "Lafiya lau, amarya," don har yau haka take kiranta, da furfurarta da jikokinta. Inna kuwa tana riƙe da komai a ka: wa ya fara gaida wani jiya, wa ya ari tsani ya mayar da shi da karyayyen taki, wa ya zo dubiya ya zauna, wa ya leƙo kawai daga bakin ƙofa.

Mijin ya yi rayuwarsa yana tuƙa babbar motar haya, har yanzu Direba ake ce masa ko da yake ya daɗe da sauka. Gwaggo ce kawai ke kiransa Auta. Hawan jini ya kama shi. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace na ɗan lokaci ya dawo, hannun dama kuwa bai gama dawowa ba. Babban asibiti yana can wani gefen gari, mota biyu ake shiga, a je a tarar da layi har bakin titi, a wuni a tsaye, a ƙarshe a rubuta magani a ce je ka saya. In 'ya'ya sun aiko da wani abu ya sha magani, in ba su aiko ba ya sha ruwa. Likita kuwa ya faɗa wa Inna ba tare da kwana-kwana ba, in abin ya sake dawowa ba lallai ya bar shi a tsaye ba.

Ana cikin haka sai ga mutanen jami'a. Suka ce bincike suke yi, suna so su gane me ke hana tsofaffi da marasa ƙarfi zuwa asibiti sai an ɗauko su a kwance. Suka bi ƙofa-ƙofa suna liƙa wani ɗan tambari, wata ƙofar kore, wata ja. Masu kore za a ba su kati, nas ta riƙa zuwa har ɗaki duk wata, ta auna, ta ba da magani kyauta, har shekara biyu. Masu ja kuwa awo da tambayoyi kawai, don a ƙarshe a kwatanta a ga ko zuwan nas ɗin ya yi amfani.

Ƙofar Gwaggo ta sami kore. Ƙofar Inna ta sami ja.

Gwaggo, wadda rabonta da ciwon kai tun ana yi mata kitso a cinya, ta fito da kujera ta zauna ƙarƙashin tambarinta kamar an ba ta sarauta. Duk wanda ya wuce ta ce masa ita ba ta buƙata, amma ai ko na'ura ta san mutanen kirki.

Wadda aka ba ginin nasu wata siririyar yarinya ce mai jakar goyo. Matan gidan suka sa mata 'Yar Tambaya, don ko ruwa ka ba ta sai ta tambayi daga ina aka ɗebo. Ranar da ta hau sama, Inna ta tare ta tun daga ƙofa.

"Wa ya yi zaɓen nan?"

"Kwamfuta ce, Inna. Ƙuri'a ta yi, ba ta san kowa ba."

"Ba ta san kowa ba ta tsallake mai ciwo ta je ta faɗa kan wadda ko mura na tsoronta? Ki gaya mini gaskiya, 'yar nan, kwamfutar nan taku dangin mijina ce?"

Yarinyar ta danne dariya, ta ɗaura wa Direba abin awo a hannu. Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Dariyar ta ɓace. Ta rubuta takarda ta miƙa.

"Baba, gobe-goben nan a je asibiti."

Inna ta ɗaga gefen katifa ta nuna mata irin takardar har guda uku, sun yi laushi don kwanciya. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Abin da muke so mu nuna wa manya ke nan, Inna. In ba mu kwatanta ba, ba za su yarda su kawo wa kowa ba."

"Ku kwatanta da mijin wata mana."

'Yar Tambaya ta shiga haɗa kayanta. Ta ce yau ƙofofi kawai aka raba, ƙarshen wata za ta dawo ta rubuta mutanen kowane gida.

"Gida ai ɗaya ne," in ji Inna. "Mai hayar ma ɗaya ne, kuma duk ya ishe mu."

"A wurinmu gida ba ƙofa ba ne, ba kuma jini ba ne. Tukunya ce. Duk waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya yawancin kwanaki, gida ɗaya muke rubuta su. Kin ga ƙanen tela, a ɗakin tela yake kwana, amma a waje yake ci, to ba ya cikinsu."

"In kuma a wani ɗakin mutum yake kwana, a wani yake ci?"

"In dai cikin ginin nan ne, inda yake ci."

Inna ta miƙe. Ta ɗebo wa yarinyar ruwa mai sanyi, har ta raka ta bakin matakala, abin da ba ta yi wa kowa.

Direba ba wawa ba ne, shi ma ya ji. Da yarinyar ta sauka ya ce, "Ai abin ya zo da sauƙi. Sai in gaya wa Yaya, ta riƙa zuba mini."

"Ka gaya mata me? Ta ce amarya ta aiko roƙo? Wallahi har makabarta sai ta bi ni da shi, ta tsaya a kaina ta ce ku tambaye ta wa ya ceci mijinta. In na roƙa, na ci bashi. Ni kuwa ita nake bi, ba za a juya mini lissafi da tsufana ba. Ita za ta zo ta ƙwace ka da hannunta."

"Ta yaya?"

"Kai dai ka yi barci."

Washegari da rana Inna ta yi miya mai kyau, ta ɗebe nata ta ajiye. Ta zuba kaɗan a kwano, ta cika tafin hannu da gishiri ta juye a ciki, ta duba, ta ƙara, ta juya.

"Ungo. Ka sauka a hankali, ka riƙe ƙarfen matakala da hannun hagu. Ka zauna a matakalar ƙarshe, daidai ƙofar Yaya. In ta tambaya ka ce sama zafi."

"Ni fa ban iya ƙarya ba."

"Na sani, shi ya sa ban ba ka magana ba. Ka taɓa da harshe kawai. Kada ka haɗiye, in ka haɗiye ni da kai ne. Fuskarka za ta yi sauran aikin."

Gwaggo na bakin ƙofa tana tsince wake a faranti, sai ga Auta ya zo ya zauna da kwano a cinya kamar maraya.

"Auta, korarka aka yi?"

"Sama zafi, Yaya."

Ya kai cokali baki. Fuskar ta tattare wuri ɗaya, idanu suka kawo ruwa, har kunnensa ya motsa. Gwaggo ta ce kawo nan. Ta ɗanɗana, ta tofar, ta miƙe, wake ya watse a tsakar gida.

"Amarya! Ke amarya! Fito ki gaya mini abin da ya yi miki!"

Inna ta bari aka kira sau uku, sannan ta leƙo ta kan ƙarfen bene tana gyara ɗankwali.

"Lafiya, Yaya? Gobara ce?"

"Mutum da hawan jini ki ba shi wannan? In gado kike so, me ya tara ban da tsohuwar hular direba?"

"Shekara arba'in yana ci bai mutu ba."

"Ga shi nan kin cinye rabinsa!"

Wannan ta shiga. Inna ta ji ta har ƙashi, ta ajiye ta inda take ajiye irinta, ta ci gaba da aikin da ya fito da ita. Ƙofofi sun fara buɗewa, matar tela ta fito da allura a baki, mai wanki ya bar famfo yana zuba.

"To mai iyawa, ki ciyar da shi mana, baki ai ba wuya. Kwana uku na ba ki. In ba ki koro shi da kanki ba, a canza mini suna. Ba ki san cinsa ba ne."

"Kwana uku? Jama'a, ku shaida! Daga yau Auta ba ya ƙara sa hannu a tukunyar matar nan, safe, rana, dare, in dai ina numfashi!"

Inna ta buga ƙofa da ƙarfi har tambarin ja ya kusa faɗuwa. Ta faɗa kan gado ta cusa fuska cikin matashi, kafaɗunta na rawa. Matar tela ta biyo ta da sauri, ta tarar da ita hawaye shaɓe-shaɓe, ta zauna tana shafa mata baya tana cewa ta yi haƙuri, dangin miji haka suke. Inna ta kasa ɗago kai, don dariya take yi, in ta ɗago asiri ya tonu.

Haka aka shiga sabon zama. Direba ya sauka da safe, ya wuni a ƙasa yana taya yayarsa miƙa ashana ta taga, ya hau da yamma. Sai dai Inna ta san ribar sabulu ba za ta ɗauki baki biyu ba, kuma ba ta yarda mijinta ya ci na wani a banza a zo ana yi mata gori. Don haka duk bayan kwana biyu sai ta ƙulla shinkafa da ɗan mai da busasshen kifi ta cusa masa a aljihun riga.

"Ka ce sato mata ka yi."

"Na gaya miki ni ban iya..."

"To kada ka ce komai, ka waiga sau biyu kafin ka miƙa mata."

Bayan ya sauka sai ta fito kan bene ta ɗaga murya, wai akwai ɓera mai ƙafa biyu a ɗakinta, shinkafarta na raguwa, Allah ya isa. Gwaggo na ji daga ƙasa, daɗi ya cika ta, ta ƙara wuta. Ba ta taɓa girki da nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Har waƙa aka ji tana yi.

Ƙarshen wata 'Yar Tambaya ta dawo, daidai lokacin abincin rana. Inna ta ɗauki tsintsiya ta sauko zuwa kwanar matakala, inda ake ji ba a gani, ta kama sharar taki ɗaya.

"Gwaggo, mutum nawa ke ci a tukunyar nan?"

"Biyu. Ni da Auta."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ƙwato shi daga hannun mai son kashe shi. Ki tambayi kowa."

Yarinyar ta juya wajen Direba. "Baba, kun rabu da Inna ne?"

"Subhanallahi! A'a."

"Lafiyarta ƙalau? Tana girki?"

"Ƙalau. Tana yi."

'Yar Tambaya ta ajiye abin rubutunta a cinya ta yi ajiyar zuciya.

"Tun da muka liƙa tambarin nan, tukwane suka fara yawo a unguwar nan. Shekaranjiya na shiga ɗaki mai tabarma ɗaya, wai mutum goma sha huɗu ke ci a ciki. Manyanmu sun farga. Sun ce miji da mata in dai suna tare, wuri ɗaya za a rubuta su, inda matar take ci. In Inna a sama take ci, to Baba na ja ne. Ku yi haƙuri."

Tsintsiya ta tsaya a kwanar matakala.

"Dakata," in ji Gwaggo. "Me ya haɗa tambari da tukunyata?"

"Ai duk mai ci a tukunyar kore yana samun kati, Gwaggo. Nas da magani. Ban gaya miki ba?"

Ta gaya mata, amma ranar Gwaggo na can tana kallon tambarinta, ba ta saurara ba. Yanzu kam ta ji. Ta juya a hankali ta dubi ƙanenta, shi kuwa ya sami wani abu mai muhimmanci a jikin silin yana kallo.

"Auta. Dube ni."

"Yaya, ni ba a ba ni magana ba."

"Gishirin nan?"

Ya mayar da ido kan silin.

"Har shinkafar?"

Direba ya waiga sau biyu, don jikinsa ya riga ya saba.

Kowa ya zaci Gwaggo za ta tashi gidan da ihu. Sai aka ji wata dariya ta taso mata daga ciki, ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ta yi wa kowa alheri. Ta share ido da gefen zane.

"Amarya, takin nan ya sharu haka. Sauko."

Inna ta sauko da tsintsiyarta, kai a sama, kamar wucewa ta zo yi.

"'Yar nan," in ji Gwaggo, murya kamar zuma, "mantuwa na yi, kin san tsufa. Mu uku ne. Matar ma a nan take ci. Ko ba haka ba, amarya?"

Yarinyar ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan Direba.

"Gwaggo, in ina shakka ba na rubuta abin da aka gaya mini. Sai abin da na gani da idona."

"Allah ya yi miki albarka, haka ake son yarinya. Yanzu kuwa za ki gani."

Ba a cikin ɗaki ta shimfiɗa tabarma ba, a bakin ƙofa ta shimfiɗa, inda duk mai leƙowa daga sama zai gani. Ta zuba shinkafa, ta malala miya, ta zaɓo cokalin da ya fi kowanne girma. Sannan ta ɗaga murya.

"Matar tela! Mai wanki! Ku fito ku taya mu shaida, aikin jami'a ne, ana son idanu!"

Ba wanda bai san maganar Inna da abincin Gwaggo ba a ginin nan, har waɗanda suka tare bara. Kafin ka ce me, matakala ta cika, wasu a zaune wasu a tsaye, matar tela ta riƙe baki tana tuna bayan da ta shafa.

Inna ta matso kusa ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, akwai abin da nake binki."

"Na sani. Ci tukuna, kada ya huce."

"Kalma biyu ce. Ki faɗa a kunnena ma ya isa, ba sai sun ji ba."

"Ni ba ni da mai ciwo a sama, amarya. Nawa yana ƙasa, yana cin abinci mai kyau. Ke ce da kati a gaba."

Inna ta tsaya. Ta san Gwaggo ba za ta bar ƙanenta ya rasa magani ba, amma ta san kuma ba a hannun Gwaggo abin yake ba yanzu. Yarinyar na zaune da abin rubutu, ba ta kallon kowa, jira kawai take. Inna ta dubi mijinta. Hannun dama na kan gwiwarsa, yatsun a lanƙwashe, yana ƙoƙarin rufe shi da na hagu don mutane sun yi yawa.

Ta jingine tsintsiya. Ta zauna, ta gyara zane, ta ce bismillah da ƙarfi yadda na saman bene za su ji, ta cika cokali ta kai baki.

Abin da ya fi ƙona mata rai, miyar ta yi daɗi. Gishiri kamar an nuna mata shi daga nesa, amma ga albasa ta narke, ga tafarnuwa, ga citta can ƙasa tana ɗumama maƙogwaro. Kuma da kifinta aka yi, wanda ta ƙulla da hannunta. Ta tauna fuska a ɗaure, kamar mai shan maganin zazzaɓi.

"Yaya kika ji?" in ji Gwaggo.

"Na ji kifina."

Matakala ta fashe da dariya. 'Yar Tambaya ta jira har Inna ta kai cokali na biyar, sannan ta ɗauki abin rubutu.

"Na gani, zan rubuta uku. Amma ku ji da kyau. Shekara biyu ne, kuma ba na faɗin ranar da zan zo. Duk ranar da na tarar da tukunya a kan wuta a sama, dole in gyara, kati ya koma. Ba zan yi wa aikina ƙarya ba."

Cokali ya tsaya a hannun Inna. Ita a lissafinta ci ɗaya ne.

"Shekara biyu?"

"Biyu, Inna. Wa zan sa shugabar gida?"

"Wa ke da tukunya?" in ji Gwaggo.

Haka aka rubuta Gwaggo a sama, Direba a tsakiya, Inna ta Sama a can ƙasa, matar ƙane.

Kati ya fito. Nas ta fara zuwa, wata mai faɗin kafaɗa da ba ta wasa da ƙwayar magani, tana ƙirga abin da ya rage a kwalba ta san ko an tsallake. Ta ba Direba wata 'yar ƙwallo ya riƙa matsawa da hannun dama. Ta ce hawa da saukar da yake yi ma magani ne, kada ya bari. Tukunyar Inna na can sama a kife, gizo-gizo ya yi gida a gindinta. A ƙasa an yarda Inna ta yanka albasa ta wanke kwanuka, amma in ta matso kusa da murhu sai Gwaggo ta ɗauke gwangwanin gishiri ta sa a cinya. 'Yar Tambaya ta faɗo musu ba sanarwa har sau biyu, ta tarar da cokali uku, ta yi murmushi ta tambayi daga ina aka sayo kifin.

Ranar da nas ta auna Direba ta ce jinin ya sauka inda ake so, da rana ya ɗauki kofin ruwa da hannun dama. Yana rawa, rabi ya zube a riga, amma ya kai baki. Matan biyu suka gani, kowacce ta yi kamar ba ta gani ba. Inna ta sunkuya tana neman wani abu a cikin shinkafarta, Gwaggo ta ce hayaƙin nan ya dame ta, alhali wuta ta daɗe da mutuwa.

Can Gwaggo ta gyara murya.

"Har yau dai ban ji an ce an gode ba."

"Wa zai gode? Ke kika ƙwace shi, da shaidu. Ni kuma kika tsare ni da jami'a."

"To ki ce miyar ta yi daɗi."

"Wannan ba ya cikin tambayoyin yarinyar."

"Auta, kai ka raba mu. Wa ke bin wani?"

Direba ya ɗauki ƙwallonsa ya kama matsawa, ya ce nas ta hana shi damuwa.

Inna ta sauke cokali, ta share kwanon tas, ta ɗan jira. Sannan ta tura shi gaban Gwaggo da ɗan yatsa, tana kallon wani wuri.

"Ƙaro."

"Na me?"

"In yarinyar nan ta shigo yanzu ta tarar da kwanona wayam, me za ta rubuta? Don aikinta nake yi. Ki haɗo da kan kifin nan."

Gwaggo ta cika mata kwanon har baki. Kan kifin kuwa ta tsamo shi a hankali, ta wuce da shi ta gaban hancin Inna, ta sa wa Auta.